Jerin Zaɓi a Shafin Intanet: Matani Daban, Sharhi Daban

Duk wanda ya saba buɗe shafin intanet a wayarsa ya san 'yan layukan nan uku na kusurwar sama, waɗanda in an taɓa su sai jerin zaɓi ya zubo, a sake taɓawa ya naɗe. Samarinmu na Zangon Wagadugu da suka fara gina wa 'yan kasuwa shafuka ya kamata su san cewa harsuna uku ne ke ƙarƙashin wannan ɗan motsi: HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙago a cibiyar CERN wajen 1990, shi ke ɗauke da kalmomi da mahaɗai; CSS, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1996, shi ke da ado; sai JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995, shi ke da motsi.

A zamanin farko an kasance ana cusa umarnin JavaScript cikin kowace mahaɗa ta hanyar sifar onclick, har ya zama in mai sayar da atamfa yana da shafi arba'in, aka buƙaci gyara guda, to sai an bi arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a gama ba a manta wani ba. Malamanmu sun riga sun san maganin irin wannan, domin almajirin da ke karatun Ahalari yakan bar matani a tsakiyar takarda, ya rubuta sharhi a hashiya, ta yadda za a iya gyara bayanin ba tare da an taɓa asalin ba.

Haka ake yi a nan. A rubuta jerin cikin HTML da mahaɗai na haƙiƙa, kowace tana kaiwa shafinta, sa'an nan a ajiye umarnin a fayil guda dabam, inda addEventListener zai riƙa sauraron maɓallin mai 'yan layuka ukun nan, in an taɓa ya liƙa wa jerin alama ko ya cire ta, CSS kuwa ya nuna ko ya ɓoye gwargwadon alamar. Abin da na fi ba muhimmanci, wanda kuma akan yi sakaci da shi, shi ne a bar jerin a buɗe tun asali, umarnin ne zai naɗe shi bayan ya iso.

Dalili kuwa a fili yake ga mai sayen data kaɗan-kaɗan a layin Orange ko Moov ko Telecel. Sabis kan yanke ana tsakiyar sauke shafi, kuma in fayil ɗin umarni bai iso ba, mai ciniki a Kumasi ko Maraɗi zai ga jerin a shimfiɗe, amma zai kai ga farashin kaya. In kuwa ya iso, waya za ta iya adana shi ta yi amfani da shi a sauran shafukan, ba sai an sake kashe masa kuɗi ba. Makaho ma, da manhaja ke karanta masa allo, yana buƙatar umarnin ya riƙa sauya sifar aria-expanded a jikin maɓallin, don a faɗa masa ko jerin a buɗe yake ko a rufe.