Ko Ka San Injin Ban-Ruwa Yana Aiki da Gas Ɗin Girki?

Ɗan injin nan da ke ruri a fadamun Gwaram na gefen kogin Bunga da lambunan rani na ƙasar Birnin Kudu, ba dole ne sai da fetur zai tashi ba. Makanike zai iya cire masa kafireta ya sa wata mai bakin shigar iska, ya haɗa ta da tiyo da ragileta da tukunyar gas irin ta girki, injin ya ci gaba da zuƙo ruwa kamar yadda ya saba. Dabarar ta daɗe a duniya, amma matsi ne ya shigo da ita gonakinmu.

Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa, guga bayan guga. Daga shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona suka fara yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin bututu marasa zurfi, sai shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990 ya ƙara baza su. Noman rani ya bunƙasa, amma ya ɗaure kansa da fetur mai arha. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an daina biyan tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Shinkafa da albasa da tumatir ba sa jiran farashi ya sauka, idan suka ji ƙishirwa sai a ba su ruwa. A nan ne manoma a sassan Jigawa da Kano suka fara ɗaukar tukunyar gas zuwa gona.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Injin ba ruwan fetur yake ƙonawa ba, tururinsa yake ƙonawa bayan kafireta ta gauraya shi da iska. Shi kuwa gas, a cikin tukunya ruwa ne saboda matsi, da an buɗe masa sai ya fito a matsayin iska. Ke nan rabin aikin kafireta ya riga ya ƙare. Saura a daidaita yawan abin da ke shiga, fulogi ya ba da wuta, fistin ya motsa. Da yake yana cin wuta tas, hayaƙi yana raguwa, fulogi ba ya saurin yin baƙi, baƙin mai kuma yana daɗewa bai gurɓace ba. Ga wani amfani da ba a cika faɗa ba: gas ba ya zubewa wajen ɗurawa daga galan, kuma ba shi da sauƙin tsiyaya a ɓoye ko gaurayawa da kananzir.

Batun riba kuwa lissafi ne, kuma ya kamata kowane manomi ya iya shi da kansa. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na gas ya yi daidai da na fetur lita ɗaya da ɗan ƙasa da rabi, wato kimanin lita 1.4. Tukunya mai kilo 12.5 tana matsayin lita 17 ko sama kaɗan. Saboda haka idan lita tana naira 1,000, gas yana da riba muddin kilo bai kai naira 1,400 ba. Da ya kai nan, an yi kunnen doki. A ƙara da kuɗin kafireta da na tukunya da na babur ɗin da zai kai ta gari a cika, domin ɗan bumburutu yana nan a kusan kowane ƙauye da kwalabensa, amma mai cika gas sai an bi shi. Duk wanda ya ce maka gas ya fi arha a kowane lokaci bai faɗa maka gaskiya ba. Shi ma daga rijiyoyin mai da matatu yake fitowa, a tanka ake hauro da shi daga kudu, kuma farashinsa yana bin dala. Sauƙi ne na ɗan lokaci, ba 'yanci daga mai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗarinsa, domin yanayin gonar fadama ya zo daidai da mugun halin gas ɗin. Irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas. Shi ya sa idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja ƙasa, manomi yakan haƙa rami ya saukar da injin kusa da ruwan. To, gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a wuri mai kwari, kamar yadda ruwan sama ke neman kududdufi. Ramin inji shi ne ainihin inda zai taru. Mutum ya sauka ya ja igiya, tartsatsi ɗaya ya isa. Don haka tukunya ta zauna a sama, a tsaye, cikin inuwa, nesa da salansa. A gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Warin nan da ake ji da gangan aka sa shi a masana'anta don ya zama gargaɗi, wanda ya ji shi ya rufe tukunya, ya fita daga ramin.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗin mutane. Idan inji ya daɗe yana jan gas, tukunyar takan yi sanyi ƙarara har ta yi raɓa, ƙarfin ya ragu, musamman da asubahin hunturu. Wasu sai su kwantar da ita, wasu su matsar da ita kusa da wuta. Duka biyun ganganci ne da rai. Maganinsa tukunya mafi girma, ko a ɗan ba injin hutu. Sannan a sa ran ƙarfin injin zai ɗan ragu, bawul kuma yana iya saurin cinyewa saboda gas busasshe ne. Kada dai wannan ya sa a ɗauka fetur lafiya ne. Jigawa ba ta manta da garin Majiya ba, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban 2024, ta hallaka mutum fiye da 150.

Kada kuma a haɗa shi da gas ɗin motoci da ake kira CNG, wanda gwamnatin tarayya ta fara tallatawa a 2023. Wancan iri ne daban, ya fi iska sauƙi, ana danna shi da matsi mai tsanani da tukunyar girki ba za ta iya ɗauka ba. Yaɗuwarsa a arewa ta dogara sosai da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

Man tsirrai fa? A baje-kolin birnin Faris na shekarar 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa, kuma har yau hakan mai yiwuwa ne. Sai dai duk uwargidan da ta san kuɗin kwalbar man gyaɗa ta san ba za a zuba shi a inji ba. Bini-da-zugu ma an yi ta kambama shi a ƙasashe da dama wajen 2007, amma yabanyar ba ta kai yadda aka yi zato ba.

A ganina hanyar da ta fita daga sarƙar mai baki ɗaya ita ce famfon sola. Babu ɗurawa, babu baƙin mai, babu hayaƙi, kuma lokacin da shuka ta fi neman ruwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙwallewa. Shi ma da nasa cikas. Ba ya aiki da dare, hazo da ƙura suna rage masa ƙarfi sai an riƙa goge farantansa, ɓarayi suna son su, mai gyara kuma bai kai makaniken inji yawa ba. Tunda ruwan ya zama kamar kyauta, akwai tsoron a yi ta zuƙa har rijiyoyin maƙwabta su ƙafe. Babban shingen dai kuɗin farko ne: fetur kullum ake saye kaɗan-kaɗan, sola kuwa a dunƙule ake biya, ƙaramin manomi kuma ba shi da dunƙulallen kuɗi.

Nan ne ya kamata hukumar raya aikin gona ta Jigawa (JARDA) da ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ƙungiyoyin manoma su sa hannu: a samar da bashin famfon sola da za a biya bayan girbi, a kuma koya wa makanikan ƙauye haɗa gas yadda ya dace. Kafin nan, malam manomi, in za ka koma gas, yi lissafinka da farashin ranar, ka sayi tiyo da ragileta na kirki, kuma kada ka taɓa saukar da tukunya cikin rami.