A Gama Ciniki Kafin a Buɗe Murfin Agogo

Wayar hannu ta shiga kusan kowane aljihu, amma ba ta raba mutanenmu da agogo ba. Alhazai na dawowa da Al-Fajr mai nuna lokutan salla, samari na ɗaura Casio, angwaye na sa agogo a lefe. Galibinsu da batir suke aiki, batir kuwa dole wata rana ya ƙare. Mutumin ƙauye a yankin Kaura Namoda, Zurmi ko Shinkafi yakan jira ranar kasuwa, ya shigo Kasuwar Daji ko wata kasuwar mako, ya nemi mai teburin agogo. A nan ne wani lokaci ake samun saɓani.

Ga yadda abin yake faruwa. Ka tambaya, "Malam, nawa ake sa batir?" Ya ambaci kuɗi kaɗan. Ka miƙa agogo, ya ɓalle murfin baya, ya cire tsohon batir. Sai a lokacin zai ce, "Ai wancan kuɗin na ɗan gama-gari ne, orijina ya ninka haka." Ko kuma bayan ya rufe ya ce ban da kuɗin aiki. Agogonka na buɗe a hannunsa, motar garinku na shirin tashi, ba ka da bakin taya. Ba duk masu gyara ke haka ba, kuma bambancin farashin yana da tushe. Laifin shi ne ɓoye shi sai an buɗe.

Batiran agogo mai hannu iri biyu ne da suka yi kama kamar tagwaye. Akwai mai lamba SR, misali SR626SW wanda ake kuma rubuta wa 377. Da sinadarin azurfa ake yin sa, ƙarfinsa ba ya raguwa sai dab da ƙarewa, kuma yakan kai shekara biyu ko fiye. Akwai mai lamba LR ko AG, misali LR626 ko AG4. Girmansu ɗaya, zai zauna daram a gurbin, amma ya fi saurin mutuwa, ya kuma fi yawan tsiyayar da ruwan da ke cinye cikin agogo. Araha ba ta ado. Agogo mai nuna lamba kuwa yawanci faffaɗan batir mai CR yake ɗauka. Casio F-91W na amfani da CR2016, wanda kamfanin ya ce yakan kai kimanin shekara 7. Lambar ma awo ce: faɗi milimita 20, kauri 1.6.

Saboda haka, tun agogo na hannunka ka tambayi abu uku: wane batir za a sa, nawa ne gaba ɗaya har da kuɗin aiki, kuma idan an sa bai tashi ba wa zai ɗauki asarar. Sai an yi sallama sannan ka miƙa. Ka nemi a ɓare batirin daga kwalinsa a gabanka, ka gwada lambarsa da ta tsohon, ka karɓi tsohon. Ka lura da siririyar robar da ke zagaye da murfi. Idan aka yar da ita, ruwan alwala da ƙurar hunturu za su samu hanya. Mai Al-Fajr ya tabbatar an sake saita gari da kwanan wata, in ba haka ba lokutan salla za su kauce.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana yaudara a farashi, shari'ar Musulunci ma ta sharɗanta sanin farashi kafin a ƙulla ciniki. Sai dai babu mai zuwa Gusau ƙara saboda batir ɗaya. Idan gardama ta taso, sarkin kasuwa ya fi kusa. Mai gyara kuma ya tuna, a kasuwar mako fuskokin da ya gani yau su ne za su dawo mako mai zuwa, kuma wanda aka cuta sai ya gaya wa duk ƙauyensu.