Raddi da Ladabi a Wasiƙun Agustin da Jerom

Wajen shekara ta 395 Miladiyya, Agustin, malamin Kirista na Hippo (Annaba ta Aljeriya a yau), ya rubuta wa Jerom da ke Baitalami wasiƙar raddi. Mas'alar ita ce tsawatarwar da Bulus ya yi wa Bitrus a Antakiya, wadda ta zo cikin wasiƙarsa ga Galatiyawa. Jerom ya yi tawilin cewa shiri suka yi a tsakaninsu domin koyarwa. Agustin kuwa ya ga in aka halatta yaudara a nassi guda, amincin littafin duka ya rushe.

Wasiƙar farko ba ta isa ba. Ta biyu kuma ta yaɗu a Italiya kafin ta riski mai ita. Wannan ya fi ƙona wa Jerom rai, har ya kwatanta lafuzzan girmamawar Agustin da takobin da aka shafa wa zuma.

Daga baya Agustin ya nemi afuwa, ya yi iƙirarin fifikon Jerom, amma bai janye hujjarsa ba. Ya sassauta harshe, ya bar mas'alar a inda dalilinsa ya tsayar da ita.