Shanyewar ɓarin jiki: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin a sallamo majinyacinka

A Yauri da Ngaski da Shanga na jihar Kebbi, ranar da aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, dangi kan cika gida da barka. Sai dai daga ranar ce jinya ta gaske take farawa: zaman asibiti na 'yan kwanaki ne, na gida kuwa watanni ne, wani lokaci shekaru.

Mene ne ainihin ciwon?

Jijiyar jini ce take toshewa ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai hannu da ƙafa su saki, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Wasu kan ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. Amma binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne babban sanadi, nesa ba kusa ba.

Me ya sa nisa ke karya jinya?

Hoton ƙwaƙwalwa da ganin ƙwararren likita galibi sai an bi ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutumin ƙauyukan Wara, ko na wani gungu cikin tafkin Kainji, sai ya biya kuɗin jirgi kafin na mota. Ana komawa sau ɗaya, sau biyu, aljihu ya gaji, a haƙura. Alhali watanni 3 zuwa 6 na farko ne jiki ya fi karɓar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi.

Me za ka tambaya kafin ku bar asibiti?

Nemi a rubuta maka sunan kowane magani da lokacin shansa. Ka sa likitan gashin ƙashi ya koya wa mai jinya motsa gaɓoɓi, ta gwada a gabansa. Ka tambayi ranar dawowa, da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da za a riƙa auna jini.

Kula a gida

A juya majinyaci kowane awa 2 don kada baya da ɗuwawu su yi gyambo. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu yana kwance. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, domin ƙwarewa na kai abinci huhu. Wajen sa shi a jirgi ko ɗaga shi daga tabarma, kada a ja hannun da ya shanye, kafaɗa za ta iya gocewa. A rage gishiri da dunƙule a miyar kifi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana. Maganin hawan jini kuwa ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Yaya za a gane kulawar tana aiki?

Likitoci na da ma'aunin Barthel tun 1965, mai duba ayyuka 10 na yau da kullum. Kai ma za ka iya dubawa duk wata. Yana kai loma baki da kansa? Yana riƙe buta ya yi alwala? Yana zagayawa ba tare da an ɗauke shi ba? Masuncin da ya saba jan taru, ya fara damƙe igiya? A duba zuciyarsa ma, don kusan kashi 1 cikin 3 na masu ciwon na faɗawa cikin tsananin damuwa. A kuma duba mai jinyar, wadda galibi mata ce ko 'ya: tana samun barci da mai karɓarta?

Idan baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Kira

Muna roƙon gwamnatin Kebbi da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar (KECHEMA) su wadata Yauri da Wara da Shanga da likitocin gashin ƙashi, a horar da ma'aikatan lafiya su riƙa bin majinyata har gida. Kai kuma mai karatu, je ka a auna jininka a wannan makon. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.