A duba boris da sil na tayar gaba kafin damina ta kankama

Da ruwan farko ya sauka a Filato cikin watan Afrilu, kowa tarakta yake nema. Manoman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi suna layin haya, mai tarakta kuma ba ya so ta yini a gareji. Da yawa daga cikin motocin nan tsofaffi ne: akwai Massey Ferguson 135 da 165 da aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, akwai kuma Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Hankalin masu su yakan tafi kan inji, a manta da tayar gaba, alhali ita ce ke amsa umarnin sitiyari.

Kowace tayar gaba tana juyawa ne a kan boris biyu, na ciki da na waje, cike da giris. A bayansu akwai sil, zoben roba mai tsare giris ya hana ruwa da yashi shiga. Ƙurar hunturu da zafin aiki suna busar da robar har ta tsage. Idan tarakta ta kutsa taɓon Yuli da Agusta, ko aka wanke ta a kududdufin tsohuwar haƙar kuza, ruwa ya shiga, giris ya gauraya da yashi ya koma yana cin ƙarfe. Ƙarshenta boris ya cije, ko taya ta fice. A gangara irin ta Hawan Kibo, da tirela cike da buhuna a baya, wannan maganar rai ce.

Gwajin ba wuya. A ɗaga gaban da jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, sannan a juya ta. Idan tana lilo, ko tana gurnani, ko hob, wato cibiyar taya, ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba bayan aiki, ko baƙin giris na tsiyaya ta ciki, lokacin gyara ya yi.

Wajen gyara, a tsaya a ƙasa mai tauri, a kashe inji, a tokare tayoyin baya. Kada kowa ya dogara da jak kaɗai. A sa katako mai kauri a ƙarƙashin aksul, ban da bulo, domin yana fashewa ba zato. A canza boris tare da kofinsa, domin sabo a tsohon kofi ba ya daɗewa. A wanke komai da kananzir, ban da fetur, a duba ko sandar da boris ke zama a kanta ta ci. A cusa giris cikin boris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Kada a doki boris da guduma kai tsaye. A ɗaure noti ana juya taya har komai ya zauna, sannan a ɗan sassauta, a sa sabon fin. Ɗaurin da ya wuce kima yana ƙona boris, ƙusa kuma ba ta maye gurbin fin.

Mai zuwa sayen kaya a Dilimi ko Farin Gada ya tafi da tsohon boris, ya gwada lambar da ke jikinsa da ta sabon, ya kuma guji jabu, domin araha ba ta ado. Mafi muhimmanci, duk sanda aka buɗe hob a sa sabon sil. Ba shi da tsada, kuma idan aka mayar da tsohon, aikin zai dawo a tsakiyar damina, lokacin da manoma ke jira.