Idan mutum-mutumi ya ƙi ɗaukar caji, ina za a fara dubawa?

A watan Nuwamban 2020 aka buɗe cibiyar NCAIR a unguwar Wuye da ke Abuja, ƙarƙashin hukumar NITDA, domin bincike da horar da matasa kan ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi. Ga kuma gasar FIRST LEGO League da gidauniyar Coderina ke shirya wa makarantu. Shi ya sa yau ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibin sakandare a Kubwa ko Gwarinpa ya harhaɗa 'yar mota mai taya biyu, da allon Arduino a bayanta, tana bin baƙin layi ko tana kauce wa bango da kanta. Abin da ya fi tsayar da irin wannan aiki ba lissafin kwamfuta ba ne. Batir ne. An jona caja tun safe, an dawo da yamma, na'ura ko motsi.

Nan da nan sai a yanke hukunci cewa batir ya mutu, a nemi kuɗin sabo. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa ƙalau.

Yawancin waɗannan na'urori da batirin litiyam suke aiki, musamman wanda ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da batirin litiyam mai caji kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda shi. Ƙa'idarsa ba ta da sassauci: idan ya cika yana nuna bolt 4.2, a tsakiyar aiki 3.7, idan ya sauka kusan 3 ya ƙare. Don haka kayan aiki na farko shi ne mita, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke amfani da ita. Kafin a kwance komai, a ɗora bakinta biyu a kan batirin a karanta.

Idan mita ta nuna sifili cur, ba lallai ne mutuwa ba. Batura da yawa na da ɗan allon kariya, wanda masu harkar ke kira BMS, kuma aikinsa ya katse wuta idan batir ya zube fiye da kima. Da an jona cajar da ta dace yakan buɗe. Amma idan an auna batirin kansa, ba ta bayan allon ba, aka samu ƙasa da bolt 2, kuma ya daɗe a haka, to a haƙura da shi. A irin wannan hali tagullar da ke cikinsa na fara narkewa, kuma idan aka tilasta masa caji tana iya haɗa ɓangarorin da bai kamata su haɗu ba. Dabarar nan ta taɓa masa wani batir mai ƙarfi don a farfaɗo da shi ba ta dace da ɗakin da yara ke aiki ba ko kaɗan.

Daga nan sai caja. Ɗan allon da ya fi yawa a hannun ɗalibai shi ne TP4056. Yana karɓar bolt 5 daga cajar waya, kuma batir ɗaya tak aka yi shi ya caza. A nan mutane da dama ke faɗawa. Suna jera batir biyu kai da gindi domin injinan taya su samu ƙarfi, abin da ke buƙatar bolt 8.4 kafin ya cika, sannan su jona masa allon da iyakarsa 4.2. Ko shekara zai yi a jone ba zai cika ba. Haka kuma allon ba ya cewa an gama sai wutar da ke shiga ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Idan an bar mutum-mutumin a kunne yana jan nasa rabo, jar fitilar da ke kan allon na iya ƙin sauyawa. Wasu allunan masu bakin USB-C ma an yi su babu 'yan rezista biyu da cajar zamani ke nema kafin ta saki wuta, sai a ga ba sa aiki da waya mai bakin C gaba da baya, amma suna aiki da tsohuwa mai faffaɗan kai. Sauya waya kawai, da duba inda aka liƙe da dalma, kan kawo ƙarshen magana.

Inda batura suka kai biyu ko uku a jere, jimillar adadi na iya yaudara. Mita ta nuna bolt 8, a ɗauka kowanne na da 4, alhali ɗaya na kan 4.3, ɗan'uwansa na kan 3.7. Na farko ya wuce iyaka, na biyu bai ƙoshi ba. Wannan ya fi faruwa ga masu ciro batura daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka suna haɗa mai sauran ƙarfi da gajiyayye. Maganinsa caja mai daidaita kowane batir daban, irin su iMAX B6, ta wannan ɗan farin filogi mai wayoyi da yawa da ake yawan bari yana lilo.

Sai jabu. Ingantaccen 18650 daga Samsung ko LG ko Panasonic bai cika wuce mAh 3,500 ba, nauyinsa kuma wajen giram 45 ne. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 a jiki ƙarya aka rubuta, kuma galibi za a ji shi sakayau a hannu. Mai zuwa sayayya, a Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2 ne ko ta intanet, ya riƙe waɗannan adadi biyu a kansa. Jabun batir yakan cika cikin mintuna, ya nuna 4.1 a zaune, amma da taya ta fara juyawa sai ya faɗi warwas. Saboda haka a auna shi lokacin da injin ke aiki. A tuna kuma cewa allon L298N mai sarrafa injinan taya na cinye kusan bolt 2 shi kaɗai, kuma ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 ba zai iya ɗaukar nauyin inji ba. Idan Arduino na mutuwa yana tashi duk sa'ad da aka ce taya ta juya, matsalar a tsarin raba wuta take, ba a caja ba.

Yanayin Abuja na da nasa hannu. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35, masu ƙera batirin kuwa sun kafa iyakar caji a digiri 45, wanda cikin motar da aka ajiye a rana ke wucewa cikin sauƙi. Rashin tabbas na wutar NEPA kuma ya koya wa mutane su jona komai su kwanta barci. Da litiyam wannan ganganci ne. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa saboda batirinta na kamawa da wuta, kuma wannan babban kamfani ne mai ɗakunan gwaji. Batirin da ya kumbura, ko ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, a cire shi a fitar waje. Caji kuwa a yi shi a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da labule, da mutum a kusa da bokitin yashi.

Asarar da ta fi ciwo ita ce ta dogon hutu. Ana kulle kaya a kabad a watan Yuli, batura na jone da na'ura suna zuba a hankali, a dawo a Satumba a tarar sun sauka ƙasa da inda za a iya ceto su. Malaman da ke kula da ƙungiyoyin kimiyya a makarantun Abuja su sa mita da caja mai daidaitawa a sahun farko na kasafinsu, tun kafin sabon mutum-mutumi, kuma ranar rufe makaranta a cire kowane batir, a bar shi a bolt 3.8, a ajiye a wuri mai sanyi.