Janti: kama da wane ba ta wane

Yawancin motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa an saye su ne bayan sun yi aiki a ƙasashen Turai, haka ma kayan gyaransu. In janti ya lanƙwashe, mai mota yakan tafi kasuwa, ya ƙirga ramukan noti, in sun yi daidai ya biya kuɗɗi ya ɗauka. To amma fa yawan ramuka kaɗai ba ya nuna cewa jantin nan na motarka ne.

Duk wanda ya juya janti ya goge ƙurarsa zai tarar da rubutu kamar haka: 6J x 15 ET45. Lamba 6 ita ce faɗin janti, 15 kuma girman da'irarsa, dukansu da awon inci, inci ɗaya kuwa milimita 25,4 ne. Saura ET, wadda aka fi mantawa da ita, alhali a kanta matsala take tasowa.

ET taƙaitawa ce ta wata kalmar Jamusanci. Tana nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin janti da fuskar da ke mannewa ga mota in an ɗaure noti, da awon milimita. In lambar ta yi girma, taya takan shige ciki; in ta yi ƙanƙanta, taya takan fito waje. Misali, motar da aka ƙera domin ET45, in aka sa mata janti mai faɗi ɗaya amma ET25, kowace taya za ta fito waje da milimita 20.

Wannan tazara kamar ba komai ba ce, sai ranar da aka yi wa mota lodi aka hau hanya mai gargada. Taya ta dinga gugar jikin mota har ta yage, rulma ta ɗauki nauyi ta inda ba a shirya mata ba, ta mutu tun lokacinta bai yi ba, sitiyari kuma ya yi nauyi a hannu. In kuwa tayar ta shige ciki da yawa, sai janti ya taɓa ƙarfen birki.

Akwai kuma awo biyu. Na farko shi ne zagayen ramukan noti: tsohuwar Toyota Corolla tana da 4 x 100, wato ramuka 4 bisa da'ira mai milimita 100, Peugeot 504 tana da 4 x 140, Mercedes 190 kuma 5 x 112. Na biyu shi ne ramin tsakiya. Peugeot 206 da Ford Fiesta duk 4 x 108 gare su, amma ramin Peugeot milimita 65,1 ne, na Ford 63,4. Jantin Ford ba ya shiga Peugeot. Na Peugeot yana shiga Ford, sai dai ba ya zama daram, yana kuma turo taya waje, domin ET ɗinsa ta fi ƙanƙanta.

Saboda haka, ya kai mai mota, kafin ka tafi kasuwa ka rubuta lambobin tsohon jantinka a takarda. In ka saya, a ɗaura shi a gabanka, a juya sitiyari dama da hagu har iyaka, a duba ko taya na taɓa wani abu. Ɗan kasuwa ma da ya san lambobin nan ba a maido masa da kaya.